Baƙo a Birnin Nesa: Gargaɗi ga Mai-bi Wanda Ya Tafi Neman Ilmi a Ingila

 Ni malamin ikkilisiya ne, aikina koya wa masu neman baftisma da yaran makaranta. Ban girme ka da yawa ba, saboda haka ka karɓi wannan 'yar takarda kamar daga hannun yayanka. Abin da na faɗa wa ɗa namiji kuwa, ga ɗiya mace na faɗa shi.

Ran da takardar izininka ta fito an yi murna a gidanku, an yi godiya cikin sujada, dattawa sun ɗora maka hannu. Amma murnan nan ba za ta shiga jirgi tare da kai ba. Akwai wata safiya tana zuwa sa'anda za ka farka cikin ƙaramin ɗaki, ƙofa a rufe, ba zakara, ba muryar uwarka, ba wanda ya san sunanka a dukan layin. Domin safiyan nan na rubuta maka. Zan kafa maganata bisa birnin Birmingham, gama can wani saurayi na ikkilisiyarmu ya tafi. Amma wanda ya nufi Landan ko Glasgow ko wani birni zai iske yawancin maganar ta shafe shi.

I. Ɗalibi a Babila

Wajen shekara 600 kafin haihuwar Ubangijinmu, Nebukadnezzar sarkin Babila ya kewaye Urushalima da yaƙi, ya kwashi waɗansu samari na gidan sarauta da na manyan gari, ya sa a koya masu harshen Kaldiyawa da littattafansu shekara uku, kana su tsaya a gabansa. A cikinsu akwai Daniyel da abokansa uku, Hananiya da Mishayel da Azariya. Labarin yana cikin sura ta fari ta Littafin Daniyel. Ka karanta shi tun ba ka ɗaure kayanka ba.

Ka lura da abin da Daniyel ya karɓa da abin da ya ƙi. Ya karɓi harshen baƙi, ya koye shi sarai. Ya karɓi ilminsu, har shi da abokansa suka fi masanan ƙasar nesa. Aka sake masa suna, aka kira shi Belteshazzar, ya amsa. Abu ɗaya ya ƙi, watau abincin sarki da ruwan inabinsa, domin ya ga za su ƙazantar da shi a gaban Allahnsa. Ƙin nan kuma ba da hayaniya ya yi shi ba. Ya roƙi wakilin da ladabi a gwada su kwana goma da ganyaye da ruwa, a duba fuskokinsu, kana a yanke magana.

Mutanenmu su kan ce, in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi tsumma ka ɗaura. Rabin maganan nan gaskiya ce. Cikin sha'anin tufafi da abinci da kiyaye lokaci da hanyar gaisuwa, lalle ka bi mutanen gari, kada ka zama mai taurin kai. Amma cikin sha'anin gaskiya da tsarki da sujada, mai-bi ba shi da tsumman da zai ɗaura. Daniyel ya riga ya yanke shawara tun ba a ajiye akushi a gabansa ba. Kai ma ka zauna yanzu, kana gida tukuna, ka ware abin da za ka iya sakewa da abin da ba za ka sake ba ko kusa. Gama mai jin yunwa da kaɗaici ba ya yanke shawara mai kyau.

II. Kwanakin fari

Daga Abuja zuwa Landan tafiyar wajen awa shida ce a jirgin sama. Daga tashar Euston ta Landan jirgin ƙasa zai kai ka tashar New Street, a tsakiyar Birmingham, cikin kamar awa ɗaya da rabi. Birnin yana tsakiyar Ingila, shi ne na biyu ga Landan wajen yawan jama'a; a ƙidayar 2021 an sami mutum fiye da 1,100,000 a cikinsa. Wanda ya san Kano, yawan mutane ba zai firgita shi ba. Abin da zai ruɗe ka shi ne tsarin zamansu: kome sai da takarda, kome sai da alkawarin lokaci, maƙwabci kuwa ba zai aiko yaro da ruwa ya ce maka sannu da zuwa ba. Kada ka ɗauka ƙiyayya ce. A ganinsu, ƙyale mutum cikin ɗakinsa ladabi ne.

Baƙo makaho ne ko da yana da ido, amma mai tambaya ba ya ɓata. Ga abubuwa huɗu da za ka yi cikin mako biyu na fari.

Na fari, masauki. Kada ka aika wa kowa kuɗi domin ɗakin da ba ka gani ba, ba kuwa wani amintacce ya gane maka shi ba, gama macuta su kan sa hoton ɗakin da ba nasu ba. Bisa ga dokar Ingila ta 2019, kuɗin ajiya da mai gida zai karɓa a haya irin ta kullum ba zai wuce kuɗin hayar mako biyar ba, wajibi ne kuma ya sa su cikin asusun tsaro da gwamnati ta yarda da shi kafin kwana 30 su cika. Ka karanta takardar haya daga fari har ƙarshe kafin ka sa hannu, ka ɗauki hoton ɗakin ran da ka shiga. Ɗalibi mai cikakken karatu ba ya biyan harajin gida na hukumar birni, amma sai ya karɓo shaida daga makarantarsa.

Na biyu, likita. Ka riga ka biya kuɗin lafiya tare da bizarka. Tun Fabrairu 2024 an sa su fam 776 kowace shekara ga ɗalibi. Saboda haka ka tafi ka rubuta sunanka wurin likitan unguwa, wanda su ke kira GP, tun kana da lafiya. In rai yana cikin hatsari a kira 999. In ciwo ne mai gaggawa wanda bai kai haka ba, a kira 111.

Na uku, ka buɗe asusun banki da sunanka, ka riƙe shi kamar yadda ka ke riƙe makullin ɗakinka.

Na huɗu, ka san ofishin da ke kula da baƙin ɗalibai a makarantarka, ka san malamin da aka ɗora wa kula da kai. Ana rubuta zuwanka aji, makaranta kuwa tilas ne ta faɗa wa hukuma in ɗalibi ya ɓace.

Kada ka ce waɗannan al'amuran duniya ne, ba su shafi ruhu ba. Wanda ya ce ya dogara ga Allah, ya kuwa ƙi karanta takardar da ya sa wa hannu, ragwanci ke damunsa, ya ba shi sunan bangaskiya.

III. Sanyi da duhu da kewa

Shekarar karatu ta kan soma wajen ƙarshen Satumba, sa'anda rana ta ke da sauran ɗumi. Ran Lahadi ta ƙarshe ta Oktoba a kan mai da agogo baya da awa ɗaya, daga nan sai ka ga dare yana cin rana kowace safiya. Cikin Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8, ta kuwa faɗi tun ƙarfe 4 ba ta cika ba. Hunturunmu sanyi ne mai ƙura, da hantsi a kan fita a sha rana. Nasu sanyi ne mai ruwa, sama a rufe kwana da kwanaki. Ka sayi riga mai kauri wadda ruwa ba ya ratsawa, da takalmi rufaffe, kada kunyar sayen gwanjo ta hana ka. Hukumar lafiyarsu ta kan shawarci mutane su sha sinadarin bitamin D cikin watannin sanyi, masu baƙar fata irinmu kuwa dukan shekara, domin fatarmu ba ta samun isasshensa daga ranar ƙasan nan.

A cikin watannin nan ne kewa ta kan kama baƙo. Barci ya yi yawa ko ya ƙi zuwa, abinci ya fita rai, addu'a ta yi nauyi, littafi yana buɗe amma ba abin da ke shiga. Sai Shaiɗan ya raɗa maka cewa Allah ya yashe ka, ko kuwa bangaskiyarka ce ta lalace. Kada ka gaskata shi. Ka tuna da annabi Iliya sa'anda ya gudu jeji, ya kwanta ƙarƙashin itace, ya roƙi mutuwa. Ubangiji bai fara da tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko masa da abinci da ruwa har sau biyu, kana daga baya ya yi magana da shi. Allah wanda ya yi jiki ya san bukatar jiki. Saboda haka ka dafa abinci mai zafi ka ci. A kasuwannin Bull Ring da kantunan 'yan Afirka za ka sami doya da manja da kuɓewa da barkono. Ka fita ka taka ƙasa da tsakar rana ko da rabin awa ne. In baƙin ciki ya wuce mako biyu bai sake ka ba, ka faɗa wa likita, ka faɗa wa wani mai-bi. Ciwon zuciya ciwo ne kamar zazzaɓi, neman magani kuwa ba zunubi ba ne.

IV. Ka nemi jama'ar Allah

Da yawa cikinmu sun girma suna jin cewa daga Ingila bishara ta zo mana, su kan zaci za su iske majami'u cike maƙil. Gara ka ji gaskiya tun daga nan. A ƙidayar 2021, waɗanda suka ce su Kirista ne a Ingila da Wales kashi 46 ne cikin 100, alhali a 2011 kashi 59 ne; waɗanda suka ce ba su da addini sun kai kashi 37. Za ka ga waɗansu tsofaffin majami'u an mai da su gidajen haya ko kantuna. Za ka zauna aji da mutane masu kirki waɗanda ba su taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba. A gida, ƙararrawa da uwarka da idon jama'a su ke tashe ka ran Lahadi. A can ba mai tashinka. Nan ne za ka san ko sujadarka ta Allah ce ko ta idon mutane.

Duk da haka Ubangiji bai bar kansa ba mashaidi a birnin nan. A tsakiyarsa akwai babbar majami'ar Filibus Mai Tsarki, wadda aka keɓe a 1715, da ta Martin Mai Tsarki kusa da kasuwa. Cikin unguwanni akwai ikkilisiyoyi na Turawa da na 'yan Afirka da na mutanen Karebiyan. Cikin jami'o'i kuma akwai malaman addini da tarayyar ɗalibai masu-bi. Ka tafi tun Lahadi ta fari, kada ka ce sai na huta, gama Lahadi ɗaya ta kan haifi goma. In an tashi sujada kada ka sulale ta ƙofa. Ka tsaya wurin shan shayi, ka faɗi sunanka, ka maimaita shi har su iya. In ka sami wurin da a ke karanta Maganar Allah da gaskiya, ka zauna nan, ka roƙi a ba ka aiki, ko jera kujeru ne ko wanke kofuna. Baƙon da ya ɗauki tsintsiya ya kusa zama ɗan gida. Amma ka yi hankali da duk taron da a ke matsa wa ɗalibi ya kawo kuɗin makarantarsa baiko, ko a ke yi masa alkawarin takardun zama ta wurin annabci. Makiyayi na gaske ya kan ciyar da tumaki.

Sa'anda Manzo Bulus ya ke kan hanyar Roma a ɗaure, 'yan'uwa suka fito daga birnin suka tarye shi a hanya. Da ganinsu ya gode wa Allah, zuciyarsa ta yi ƙarfi. In manzo ya bukaci fuskokin 'yan'uwa, kai wane ne da za ka ce waya da intanet sun ishe ka? Sauraron wa'azin gida a waya yana da kyau, amma waya ba za ta zo duba ka ran da ka kwanta ciwo ba.

Ka tafi da Littafi Mai Tsarki na Hausa. Tun 1932 mu ke da shi cikakke cikin harshenmu, da wahalar waɗanda suka riga mu. Ka yi karatun aji da Turanci, amma da safe da dare ka yi magana da Ubanka cikin harshen da uwarka ta yi maka addu'a. Daniyel ya kan durƙusa sau uku a yini, tagarsa a buɗe wajen Urushalima, har ya tsufa a Babila bai bari ba.

V. Kuɗi da aiki da gaskiya

Nan ne tarko mafi yawa su ke. A Yuni 2023 gwamnatin Nijeriya ta saki naira kasuwa ta yanke mata daraja. Dalar da a ke canzawa wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 cikin farkon 2024. Iyaye da suka tara kuɗin shekara guda suka wayi gari bai kai rabi ba. A 2024 an dakatar da waɗansu ɗalibai 'yan Nijeriya a wata jami'a ta arewacin Ingila domin sun kasa biya a kan lokaci. Saboda haka ka yi lissafi tun kafin ka tashi, kamar mai ginin da ya ke zama ya ƙidaya kuɗinsa kafin ya haƙa tushe. Kada ka dogara ga cewa aikin can zai biya kuɗin makaranta.

Bizar ɗalibin digiri ta yarda masa aikin awa 20 a mako lokacin karatu, ba ƙari. Za ka sami masu ce maka kowa yana wucewa, a biya ka a hannu ba wanda zai sani. Ka tuna ka sa hannu bisa sharaɗin nan, i ɗinka kuwa ya kamata ya zama i. Wanda aka kama, bizarsa tana cikin hatsari. Wanda ba a kama ba, ya koya wa zuciyarsa ƙarya, ya kuma sa kansa a hannun mai aikin da zai iya cutarsa ba shi da bakin ƙara.

Za ka sami masu cewa ka ba da asusunka a zuba kuɗi a cire, a ba ka lada. Kuɗin nan yawanci na zamba ne, an ƙwace su daga tsofaffi da marasa ƙarfi. Dokar ƙasar kuwa tana iya ɗaure mai asusun har shekara 14. Za ka sami masu sayar da rubutun jarrabawa. Tun 2022 sana'ar nan laifi ce a dokar Ingila, makaranta kuwa ta kan kori ɗalibin da ya saya. Haka nan wanda ya sa na'ura ta rubuta masa aiki inda malamai suka hana, ya miƙa da sunansa, shaidar zur ya yi. Ka yi tunani: likita ko injiniya da ya sayi takardarsa, rayukan wa zai riƙe a hannunsa gobe? Gara ƙaramar sakamako da gumin goshinka da babbar da za ka ji kunyarta a gaban kursiyin Almasihu.

VI. Labarin wani saurayi

Saurayin da na ambata, ni na koya masa katikisma. Ya tafi a Satumba 2023. Watanni biyu na fari yana aiko da gaisuwa kowace Lahadi, daga nan sai muka ji shiru. In ubansa ya kira, sai ya ce kome lafiya. Ashe kuɗin zango na biyu sun gagara, ya kama aikin dare a ɗakin ajiyar kaya, yana barci cikin aji, ya bar zuwa sujada domin kunyar kada a tambaye shi yadda ya ke. Wani da suka saba a wurin aiki ya ce masa ya kawo asusunsa, zai sami fam 200 cikin kwana biyu. Ya ce zai ba da amsa ran Litinin.

Ran Lahadi da yamma yana yawo cikin ruwa, zuciyarsa a dagule, ya ga wata ƙaramar majami'a da fitila a kunne. Ya faɗa mini da bakinsa cewa ɗumi ya shiga nema, ba Allah ba. Mutanen ciki ba su kai ashirin ba, yawancinsu tsofaffi. Da aka tashi, wata tsohuwa Baturiya ta tare shi, ta tambayi sunansa, ta ba shi shayi, ta ce ta ga alamar gajiya a fuskarsa. Kalman nan kaɗai ta kwance shi, ya faɗa mata duka. Ba ta ba shi ko kwabo ba. Ta kira mijinta, suka yi addu'a tare da shi, mijin ya ce masa kada ya kuskura ya ba da asusun, da safe kuma ya raka shi har ƙofar ofishin ba ɗalibai shawara. Can aka raba masa bashin kashi kashi. Daren nan ya kira ubansa ya faɗi gaskiya. Uban ya yi shiru, kana ya ce, da ka faɗa tun fari, da ba mu yi wata uku muna kwana da zullumi ba. Dangi da ikkilisiya suka haɗa abin da ya samu. Bai fita wahala rana ɗaya ba, ya ƙare karatunsa a makare, amma ya ƙare da sunansa a wanke.

Ka ga abin da ya kusa hallaka shi. Talauci ya matsa shi, gaskiya ne, amma ɓoyewa ce ta kai shi bakin rami. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ran da ka ga ka soma ɓoye wa iyayenka da 'yan'uwa masu-bi halin da ka ke ciki, ka sani ƙafarka ta soma zamewa.

VII. Zama da mutanen gari

Annabi Irmiya ya aika wa kamammu na Babila wasiƙa, ya gargaɗe su su gina gidaje, su dasa gonaki, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, su yi masa addu'a. Kai ma kada ka zauna kamar mai jiran mota a tasha, kana zagin garin da ke ciyar da kai ilmi. Ka kiyaye lokaci, gama a wurinsu makara raini ce. Ka bi layi. A gidan haya, inda ku ke tarayyar madafa da waɗansu, ka wanke tukunyarka, ka fitar da shara ran da ya ke naka. Da yawa za su karanta halinka waɗanda ba za su taɓa karanta Linjila ba.

A ƙidayar 2021 wajen kashi 30 cikin 100 na mutanen Birmingham Musulmi ne. Za ka gamu da 'yan ƙasarmu Musulmi cikin aji da kasuwa. Ka gaishe su da Hausa, ku ci tuwo tare, ka yi masu barka da salla, ka taimake su in sun shiga wuya. Kada ka ɗauki gabar gida ka kai ta ƙasar mutane. Wanda ya tambaye ka dalilin begenka, ko Musulmi ne ko marar addini, ka amsa masa da tawali'u, ba da gardama ba. In wani ya wulakanta ka saboda launin fatarka, kada ka rama, kada kuma ka haɗiye shi ya zama maka dafi. Dokar ƙasar ta hana, makaranta tana da inda a ke kai ƙara, ka kai.

Yawancin taron ɗalibai a gidan giya a ke yinsa. Ba lalle ka guje wa abokan karatunka ba, amma ka san iyakarka tun ba ka fita ba. In ka ce ba ka sha, yawancinsu ba za su matsa maka ba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, saboda haka ka zaɓi abokan da za ka iya nuna wa uwarka. Ga mai aure kuma ina da kalma. Tun Janairu 2024 yawancin ɗalibai ba su da izinin tafiya da iyali, sai masu karatun bincike mai zurfi da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. In ka bar mata a gida, ko ke kin bar miji, alkawarin da kuka yi gaban Allah bai tsaya a filin jirgi ba. Ka faɗa wa mutane kana da aure tun ranar fari, ka sa zobenka, ka kira gida kullum. Yusufu ma baƙo ne a Masar, ba mai ganinsa cikin gidan Fotifar, amma ya san akwai Mai gani.

VIII. Kada ka manta da gida

Ba kai ne na fari daga ƙasarmu da ya taka titunan birnin nan ba. Barau Dikko, wanda aka haifa a 1912 a ƙasar Zazzau, ya yi makarantar mishan, ya wuce King's College ta Ikko, kana ya tafi Jami'ar Birmingham ya koyi aikin likita. A zamaninsa mai zuwa Ingila jirgin ruwa ya kan shiga daga Ikko, ya yi wajen mako biyu bisa teku, wasiƙa kuma haka. Ya jimre, ya komo, ya zama likita na fari daga Arewacin Nijeriya, ya yi wa jama'arsa aiki, Musulmi da Kirista, har ya rasu a 1977. Asibitin koyarwa na Kaduna yana ɗauke da sunansa. Ilmin da ya ɗebo bai tsaya cikin aljihunsa ba.

Ba na ce lalle kowa sai ya komo ran da ya gama ba. Allah shi ke nuna wa kowane bawa inda zai tsaya. Amma ka sani ilmin nan amana ne. Akwai wanda ya sayar da gona ko saniya, akwai uwar da ta hana kanta zane, akwai ikkilisiyar da ta yi maka baiko daga cikin rashinta. Zumunta a ƙafa ta ke, in ƙafa ta yi nisa sai murya ta tafi. Ka sa ranar kiran gida, ka faɗa masu daɗi da wuya. Kada ka aika hotunan da za su sa ƙannenka su zaci kana cikin daula alhali kana kwana da yunwa. In kuwa ka riga ka faɗi cikin ɗaya daga abubuwan da na lissafta, takardan nan ba ta zo domin ta kashe ka ba. Ɗan nan da ya tafi ƙasa mai nisa ya lalatar da rabonsa, ran da ya tashi ya nufi gida, tun yana nesa ubansa ya sheƙo ya tarye shi. Ubangijinmu Yesu da kansa ya yi baƙunci a Masar yana jariri, ya san zuciyar baƙo, ya kuwa mutu domin ya kawo na nesa kusa. Ka tuba yau, ka faɗa wa wani amintacce, ka soma gyara.

Addu'a

Ya Allah Ubanmu, wanda ka kiyaye Yusufu a Masar da Daniyel a Babila, ka dubi bawanka wanda ya bar gidan ubansa domin neman ilmi. Ka ba shi masauki na salama da abokai na gari. Ka buɗe hankalinsa ga karatu, ka tsare hannunsa daga haram, bakinsa daga ƙarya, jikinsa daga ƙazanta. Cikin sanyi da duhu ka zama haskensa. Ka kai shi wurin jama'arka, ka sa ya zama albarka ga birnin da ya sauka. Ka ta'azantar da waɗanda ya bari a gida, ka sada su da alheri a lokacin da ka nufa. Ta wurin Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.